Numfashin tankin mai a tsofaffin motoci: a toshe ne ko a bar shi a buɗe?

Tun daga watan Satumban 2021, fetur ɗin yau da kullum a gidajen man Birtaniya ya koma E10, wato wanda aka gauraya da etanol (sinadarin alkohol da ake samu daga amfanin gona) har kashi 10 cikin 100. Arewacin Ireland ta bi sahu a Nuwamban 2022. Gwamnati ta ce kimanin kashi 95 cikin 100 na motocin fetur da ke kan titi za su sha shi lafiya lau. Ragowar akasarinsu tsofaffin motoci ne, ciki har da irin waɗanda masu su ke riritawa, ba sa fito da su sai ranar hutu ko ranar baje koli.

Daga nan shawarwari suka shiga karo da juna. Wani ya ce a toshe duk kafar da iska ke bi ta shiga tanki, tunda etanol na jan danshi. Wani ya ce kul aka toshe, tanki zai lotse. Wani kuma ya ce a nemo gwangwanin gawayi irin na motocin zamani a liƙa. Kowannensu yana da gaskiya ta wani gefe, kuma kowannensu na iya jawo asara idan aka bi maganarsa a motar da ba ita yake nufi ba. Kafin a rarrabe, sai an san dalilin da ya sa kamfani ya bar huda a tanki tun farko, da dalilin da ya sa doka ta rufe ta daga baya.

## Wace mota ake nufi da tsohuwa

Ƙungiyar FIVA, wadda ta haɗa ƙungiyoyin masu motocin tarihi na ƙasashe da dama, tana ƙirga mota cikin na tarihi idan ta kai shekara 30. Jamus ma shekara 30 take bi kafin ta ba mota lamba mai harafin H. A Birtaniya kuwa, tun 2018 motar da ta haura shekara 40 ba dole a kai ta gwajin lafiya na shekara-shekara ba, muddin ba a yi mata babban sauyi ba.

A maganar tanki, shekarun mota ba su ne ma'auni ba. Abin dubawa shi ne ko an ƙera ta kafin dokar tare tururin fetur ko bayanta, da kuma kasuwar da aka ƙera ta dominta. A Amurka iyakar tana tsakanin 1970 da 1971. A Turai sai farkon shekarun 1990. Mota iri ɗaya, ta shekara ɗaya, daga masana'anta ɗaya, tana iya zuwa da tsari biyu mabambanta.

## Iskar da ke shiga

Duk litar man da famfo ya zuƙo ya kai wa inji, dole litar iska ta shiga tanki ta maye gurbinta. Mai shayi ya san wannan: huda biyu yake yi wa gwangwanin madara, ɗaya ta fitar da madara ɗaya ta shigar da iska, kuma da zarar ya ɗora yatsa a kan ta biyun, madara ta tsaya.

Idan iska ta rasa hanya, famfo na ci gaba da ja, matsin cikin tanki na raguwa, har ɗayansu ya sallama. In famfon ne ya fara gajiya, mota za ta tashi lafiya da safe, ta yi 'yan kilomitoci, sai ta fara fizga, ƙarfinta ya ragu, ta mutu a gefen titi. A bar ta ta huta, iska ta silale ciki a hankali ta wata kafa, sai ta tashi kamar ba abin da ya faru. Irin wannan ciwo ne ke sa a canza fulogi, a canza kwayil, a wanke kabreta sau biyu, alhali laifin yana can baya a murfin tanki.

In kuma tankin ne ya fara sallamawa, abin ya fi muni. Iskar da ke kewaye da mu tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo 1. Ba a jin wannan nauyi saboda ciki da waje sun daidaita. A ɗauki tanki mai gindin santimita 80 tsawo da 50 faɗi, murabba'in santimita 4,000 ke nan. Matsin ciki ya ragu da kashi ɗaya cikin goma kacal, gindin na ɗauke da nauyin kilo 400 yana turo shi ciki. Farantin ƙarfen tanki siriri ne, ba a yi shi don wannan ba. Sai ya lotse, ya lanƙwasa hannun ma'aunin mai har allurar dashbod ta riƙa ƙarya, wani lokaci ya danne bakin bututun da ke ɗiban mai, ko ya tsage ta wajen haɗi.

## Tururin da ke fita

Ɗaya gefen shi ne zafi, kuma abu biyu ke faruwa lokaci guda. Na farko, shi kansa ruwan fetur yana kumbura, kimanin kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri ɗaya na ma'aunin Selshiyos. Wanda ya sha lita 50 daga tankin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi, ya ajiye mota a rana man ya ƙaru da digiri 15, ya samu ƙarin kusan kashi uku cikin huɗu na lita wanda dole ya nemi wurin zama.

Na biyu shi ne tururi. Fetur tarin sinadarai ne sama da ɗari, wasu masu nauyi wasu marasa nauyi. Marasa nauyin suna fara tafasa tun a tsakanin digiri 30 da 40, masu nauyin kuma sai wajen 200. Saboda haka da rana tanki na fitar da tururi, da dare ya huce ya shaƙi iska, gobe ya sake. Motar da ke ajiye ba a ko taɓa ta ba ita ma tana wannan numfashi kowace rana.

Idan tururin ya rasa mafita, zai nemi wuri mafi rauni. Sau da yawa wurin shi ne kabreta. A cikinta akwai ɗan kwano da fulot ke yawo a kan mai, in kwanon ya cika sai fulot ya tura wata 'yar allura ta rufe ƙofa. Kabretocin SU da Weber, waɗanda suka cika motocin Turai na da, an tsara su ne don matsin da bai wuce kimanin psi 3 ba (psi ma'aunin matsi ne). Matsin tanki ya fi ƙarfin allurar, mai ya malalo cikin inji mota na a kashe. Da safe ta ƙi tashi don ta sha mai ya yi mata yawa, wani kuma ya bi ta gefen fistin ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Wanda ya zaro sandar auna baƙin mai ya ji tana warin fetur, ya kuma ga man ya ƙaru maimakon ya ragu, ya kamata ya tuna da tanki.

## Yadda aka yi kafin 1970

Kamfanonin da ba su wahalar da kansu ba. Wasu sun yi 'yar huda a murfin tanki, wadda da ƙyar tsinken allura zai shiga, a ɓoye a ƙarƙashin roba ko a gefen murfin. Wasu sun rufe murfin ruf, suka fitar da siririn bututu daga saman tanki ko daga wuyansa, ya hau sama, ya lanƙwaso, ya sauka ya buɗe baki a ƙarƙashin mota. Hawan nan da gangan ne: dole bututun ya wuce tsayin da mai zai iya kaiwa, in ba haka ba idan mota ta sha kwana ko aka ajiye ta a gangare, mai zai bi shi ya yi ta zuba.

Wurin da aka ajiye tanki ma ya shafi maganar. A Volkswagen Beetle tanki na gaba, a cikin but, kusa da ƙafafun masu zaman gaba, kuma kafin samfurin 1968 sai an ɗaga murfin but ɗin ake zuba mai. A Land Rover gajera ta da, tanki na ƙarƙashin kujera. Motocin a-kori-kura na Chevrolet har zuwa 1972 tankinsu na cikin ɗakin direba, a bayan kujera. A irin waɗannan motoci, tiyo ɗaya ya tsufa ya tsage, warin fetur ya cika ciki.

## Hazon Los Anjeles da dokar da ta biyo baya

A farkon shekarun 1950 wani masanin sinadarai ɗan asalin ƙasar Holan, Arie Haagen-Smit, da ke aiki a cibiyar Caltech a Kalifoniya, ya nuna cewa hazon da ke sa idanun mutanen Los Anjeles zafi yana haɗuwa ne idan hasken rana ya faɗa kan tururin mai da iskar da ke fita daga konewar inji. Da aka zo ƙididdiga sai aka ga ba salansa kaɗai ke da laifi ba. A motar da ba ta da kowane irin tsari na kariya, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na man da ke tserewa sama bai ko shiga inji ba, daga tanki da kwanon kabreta yake tashi.

Kalifoniya ta wajabta tare wannan tururi daga motocin samfurin 1970, sauran Amurka daga na 1971. Tsarin da aka fi bi shi ne wanda har yau ake amfani da shi. Murfin tanki ya koma rufaffe, sai dai yana da bawul na gaggawa da ke buɗewa idan matsi ko tsotso ya wuce kima. Bututun numfashi kuma, maimakon ya buɗe baki a sarari, sai ya bi ta wani ɗan ƙoƙo da ke mayar da ruwan mai cikin tanki, ya wuce da tururi kaɗai zuwa gwangwanin gawayi.

Gawayin nan ba na girki ba ne. An gasa shi ta yadda ya cika da ƙananan ramuka, har giram ɗaya na iya samun fili sama da murabba'in mita 500 a cikinsa. Tururin fetur na maƙalewa a jikin ramukan yayin da mota ke ajiye. Idan inji ya tashi, sai ya zuƙo sabuwar iska ta cikin gwangwanin, ta kwashe tururin ta kai shi ya ƙone tare da sauran mai. Gawayin ya koma fanko, ya jira gobe. Abin lura a nan, tanki bai daina numfashi ba. Hanya aka canza masa, kuma iskar da yake shaƙa ma ta cikin gwangwanin take shigowa.

Wata doka ta daban ta zo ta fuskar haɗari. Ƙa'idar FMVSS 301 ta Amurka ta fara aiki a 1968, kuma a tsakiyar shekarun 1970 aka ƙara mata gwajin kifar da mota a ga yawan man da zai zuba. Daga nan bawul ɗin kifewa ya zama ruwan dare: 'yar ƙwallo ce a cikin bututun numfashi, wadda ke faɗawa ta toshe hanya idan mota ta juye. Turai ta wajabta tare tururi da ƙa'idar Euro 1 a 1992. Daga 1996 kuma motocin Amurka suka zo da tsarin OBD-II, inda kwamfutar mota ke iya gwada rufin tanki da kanta, ta kunna fitilar cek-injin idan an bar murfi a sake.

## Inda akasarin matsalar take: murfi da tanki ba 'yan gida ɗaya ba

Mota mai shekara 50 ta bi ta hannun mutane da yawa. An canza mata tanki, an ɓatar da murfi a gidan mai an sayi wani, an yi mata fenti, an cire abin da wani bakanike ya ga kamar ba shi da amfani. Murfi mai huda da murfi marar huda kuwa sau da yawa kamanninsu ɗaya, bakinsu ɗaya, kowanne zai zauna daram.

Motar MGB ta Ingila misali ce mai kyau. Wadda aka sayar a gida tana numfashi ta murfi. Wadda aka tura Amurka daga farkon shekarun 1970 tana da rufaffen murfi da gwangwanin gawayi. Dubban waɗannan na Amurka an dawo da su Turai daga baya, masu su suka cire gwangwanin, suka toshe bututun da ƙusa ko dunƙulen roba don kada ya yi wari, suka bar murfin da ta zo da shi. Tanki ya zama ba shiga ba fita sai ta bawul ɗin gaggawa, idan ma yana aiki. Haka abin yake idan aka ɗora murfin motar 1972 a kan tankin 1965 wanda ba shi da bututun numfashi ko ɗaya.

Akasin haka ma na faruwa. A sa murfi mai huda a motar da gwangwaninta ke nan lafiya, tururi ya bi hanya mafi sauƙi ya fice ta murfi, gwangwanin ya zama ado. Wannan ba ya kashe mota a hanya, wari kawai yake kawowa, shi ya sa ake daɗewa ba a gano ba.

Akwai kuma toshewar da ba wanda ya yi niyya. Mai fenti ya fesa murfi ya rufe hudar. Wanda ya zuba ruwan liƙe tsatsa a cikin tanki ya manta bai busa bututun numfashi ba kafin ya bushe. Tiyo ya lanƙwashe a bayan tanki lokacin da ake mayar da shi, ko ya yi ciki a tsakiya, mai ya taru a wurin ya tare hanya. Sai kuma masu cire kabreta su sa injekta: famfon lantarki ya fi na da ƙarfin ja, kuma man da ke dawowa daga inji da ɗuminsa yake komawa tanki, saboda haka hudar da ta ishi tsarin da sai ta yi kaɗan.

## Abin da etanol ya ƙara

Etanol ya taɓa maganar ta fuska uku. Yana ƙara saurin tashin tururi: garwaya kashi 10 na ɗaga ma'aunin tururin fetur da kimanin psi 1, har dokar Amurka, wadda ta ƙayyade psi 9 a lokacin zafi a yawancin wurare, ta yi wa E10 rangwamen wannan psi ɗaya. Yana cin tsohuwar roba, da toshiyar kwalaba da ake yin wasu gasket da ita, da tankin faiba, yana kuma taimaka wa tsatsa. Masu motoci kan canza tiyon da ke kai mai inji su manta da na numfashi, tunda yana ɓoye kuma ba a ganin ɗigo a jikinsa.

Ta uku ita ce ta jawo gardamar: etanol na riƙe ruwa. E10 na iya shanye ruwa har kimanin rabin kashi ɗaya cikin 100 a yanayi mai ɗan sanyi, wajen rubu'in lita ke nan a tanki mai lita 50. Da an wuce nan, ruwa da etanol su rabu da fetur su kwanta a ƙasa, daidai inda bututu ke ɗiba kuma inda tsatsa ke fara ci. Masu cewa a toshe suna nuni da numfashin dare, wanda ke shigo da iska mai laima kullum. Masu ja da su na cewa tara rubu'in lita ta wannan hanya kaɗai sai an daɗe ƙwarai, kuma ruwan da ake samu a tanki ya fi shiga ta murfin da robarsa ta mutu lokacin ruwan sama ko wanki. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne, tanki mai rabin mai da aka bari wata da watanni a wuri mai danshi ya fi kowanne shiga haɗari, don yawan iskar da ke samansa shi ne yawan numfashinsa.

## Matsaya huɗu

Masu riƙe asali na cewa a mayar da komai yadda kamfani ya yi, a sha fetur mai ƙarancin etanol, a riƙa hawa motar. A Birtaniya wannan na yiwuwa, domin an bar fetur mai tsada na E5 a gidajen mai da dama, kuma shi ƙungiyar FBHVC ta masu motocin tarihi ke ba da shawarar a sha. Hanyar ba ta da tsada kuma tana kare darajar mota a kasuwa. Rauninta shi ne wari da asarar mai suna nan, kuma in mota ta kife babu abin da zai tare fetur.

Wasu na sa bawul mai hanya biyu a bututun: yana barin iska ta shiga cikin sauƙi, amma ba ya sakin tururi sai matsi ya ɗan taru. Yana rage numfashin kullum sosai. Sai dai tanki mai shekara 50 wanda tsatsa ta riga ta cinye ba a tsara shi don riƙe matsi ba, kuma idan bawul ɗin ya fi allurar kabreta tauri, an koma gidan jiya. Mafi haɗari shi ne bawul mai hanya ɗaya, wanda ke shigar da iska kawai. Yana maganin mutuwar mota a hanya, ya bar matsalar rana yadda take.

Masu liƙa gwangwanin gawayi sun fi kowa maganin wari, amma aikin bai ƙare a liƙawa ba. Gwangwanin da inji ba ya zuƙe shi zai ƙoshi cikin 'yan kwanaki ya koma yana fitar da abin da ya tara. In kuma aka haɗa shi inda inji ke zuƙa da ƙarfi a silo, sai lissafin iska da mai ya rikice, mota ta riƙa karkarwa a tsaye. Shi ya sa motocin farkon 1970 da yawa suka haɗa shi da gidan tace iska.

Ta fuskar hukuma, ƙa'idar da aka saba ita ce ana auna mota da dokar shekarar da aka ƙera ta. Ba a tilasta wa mai motar 1965 ya sa gwangwani. Amma dokar tsaftar iska ta Amurka ta hana cire wanda mota ta zo da shi, kuma a Kalifoniya motocin fetur daga samfurin 1976 zuwa sama suna cikin gwajin hayaƙi, inda ake duba ko kayan suna nan. Ƙungiyoyin masu motocin tarihi na kafa hujja da cewa motocinsu ba sa yawo: binciken FBHVC na 2020 ya nuna kimanin mil 1,200 a shekara. Hujjar na da ƙarfi a kan hayaƙin salansa. A kan tanki kuwa ba ta kai can ba, tunda tururin na tashi ko mota na tafiya ko tana ajiye.

## Abin da ya shafi mai gida da iyalinsa

Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, saboda haka ba ya tashi sama, ƙasa yake bi ya kwanta a rami ko lungu. Yana kamawa da wuta idan ya kai tsakanin kashi 1.4 da 7.6 cikin 100 na iska. A cikin tanki yawanci ya wuce wannan iyaka, ya yi kaurin da ba zai kama ba. Haɗarin yana bakin bututu da daɓen gareji, inda ya gauraya da iska daidai. Wannan ne dalilin da ya sa ƙa'idojin gini a Amurka suka daɗe suna neman a ɗaga wutar tukunyar ɗumama ruwa inci 18 daga ƙasa idan a gareji take. Ga kuma benzin, sinadarin da aka tabbatar yana jawo sankarar jini, wanda Tarayyar Turai ta ƙayyade kada ya wuce kashi 1 cikin 100 a fetur tun shekarar 2000. A gidan da ƙofar gareji ke buɗewa cikin falo, mota mai buɗaɗɗen tanki tana raba wannan tururi da mutanen gida.

## Fijo, ƙura da zanzaro

Abin da Bature ke kira motar tarihi, a wasu hanyoyin arewacin Najeriya da Nijar har yanzu motar neman abinci ce. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma an ci gaba da yin 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, shekara 20 da wani abu bayan Faransa ta daina. Ita da a-kori-kura 404 da tsofaffin Land Rover akasari kabreta ce da su, duk kuma maganar nan ta shafe su.

Sai dai nauyin matsalar ya sha bamban. Danshi ba shi ne babban abokin gaba a Sakkwato ko Agadas ba, zafi ne. A watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a inuwa, tankin da ke saman kwalta mai zafi ya riga ya shiga iyakar da fetur ke fara tafasa. Ƙurar hunturu na haɗuwa da maiƙon bakin huda ta zama laka ta toshe ta. Motar da aka jingine wata biyu kuma, zanzaro na iya samun bakin bututun numfashi ya cika shi da ginin laka, tsaf kamar an yi da siminti.

Murfin da ya ɓata kan samu magaji iri biyu. Tsumma yana barin iska ta wuce, amma yana jiƙewa da fetur ya zama lagwani, yana kuma shigar da ƙura da zare. Leda da aka ɗaure da roba tana yin akasin haka: da safe za a gan ta a kumbure, bayan tafiya a gan ta ta shige ciki, mota na fizga. Daga nan bakanike ya ce, “Maigida, mai ne ba ya zuwa,” a sayi sabon famfo, ciwo na nan.

Motocin Kwatano kuwa akasari da gwangwaninsu suke zuwa. Abin da ke kashe shi shi ne al'adar cika tanki dam: bakin famfon gidan mai ya tsaya da kansa, a ce a ƙara, har a girgiza mota don ta karɓi wata lita. Sararin da aka bari a saman tanki na kumburar mai ne. Aka cike shi, rana ta yi, ruwan fetur ya bi bututu ya jiƙa gawayin da aka yi don tururi kaɗai. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da aka matsa ta ƙarfi ta ƙare a gwangwani ko a ƙasa kuɗi ce mai ciwo.

## Yadda ake gane inda laifin yake

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. Idan mota ta mutu bayan tafiya, a kashe makulli, a buɗe murfin tanki a hankali a saurara. Aka ji iska ta ruga ciki kuma mota ta tashi nan take, hanyar shiga ce a toshe. Aka ji ta huro waje da wari mai ƙarfi, hanyar fita ce. A motar da ke da gwangwani, ɗan huci kaɗan ba laifi ba ne. In ba a ji komai ba kuma ta ƙi tashi sai ta huce, sai a koma kan matatar mai, ko kwayil, ko man da ke tafasa a bututun da ya kusanci inji.

Bayan nan a tantance tsarin da motar ta zo da shi, a ƙirga bututun da ke fita daga tanki da wuyansa. In na ɗiban mai ne kaɗai, murfi dole ya kasance mai huda. In akwai wani siriri daga sama, a bi shi har ƙarshensa, a cire shi daga tanki a busa a ga ko iska na wucewa. Ba a hura iskar kwamfaresa cikin rufaffen tanki, don matsi kaɗan ya isa ya kumbura shi. Wanda zai ja sabon bututu ya yi amfani da tiyon da aka yi don fetur mai etanol, ya hau da shi sama da wuyan tanki ba tare da ya yi ciki a tsakiya ba, ya kafa bawul ɗin kifewa a tsaye, ya fitar da bakin waje da jikin mota yana kallon ƙasa, nesa da salansa da birki, da 'yar matata a bakin saboda ƙura da ƙwari.